Tukuicin 'Yar Dako

Ku matso kusa, ya ku masu kunnen sauraro. Mai tafiya ya zauna, mai gardama ya dakata, mai cin abinci kuwa ya ci gaba da cinsa, amma ya tuna akwai baƙo a wurin. Ni ne Mantau ɗan Cindo, maƙeri jikan maƙera. Na ratsa ƙasar da rana ke fitowa ja ta faɗi koriya, na sauka a garin da ake noma a kan soro, na sha ruwan kogin da ke gudu zuwa tudu. Amma duk abin da idona ya gani, babu wanda ya kama ƙafar ranar da na hau wuta na nufi sama, kuma labarinta zan ba ku.

Ba neman dukiya ya raba ni da gida ba. Yayana Korau na fita nema. Shi ya goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya koya mini riƙon guduma, duk duniya ba ni da kowa sai shi. Wata shekara ya bi ayarin masu haƙar gishiri, shiru shiru, ba shi ba labarinsa. Na ɗaure guduma da awartaki a buhu na bi sawu, wannan gari ya miƙa ni wancan, har na iso Birnin Akushi, can ƙarshen inda ƙafa ke kai mutum.

Na tambayi mai gadin ƙofa ko ya san wani Korau, dogo, mai giɓi. Sai mutumin nan ya ɗaga yatsa sama. Na fara salati. Ya ce in kwantar da hankalina, ba mutuwa ya yi ba, in dai duba. Na ɗaga kai, sai ga wani ɗan ƙaramin wata fari tas da rana tsaka. A wannan ƙasa wata biyu gare su, ƙaramin suna kiransa Auta, kuma a cikinsa ake haƙo gishiri. Akusawa sun daɗe suna zuwa can a ƙananan rokoki, jiragen da wuta ke cillawa sama, har sun kafa gari guda.

Sai dai na zo a mummunan lokaci. A Auta babu kogi babu rijiya, ƙanƙara ce a ƙarƙashin ƙasa, wani babban tanderu ke narkar da ita su sha. To, tanderun ya tsage. Ƙananan rokokin nan ba sa ɗaukar abin kirki, 'yan tuluna za su kai, su sauko da 'yan mutane, mata da yara tukuna. Ruwan da ya rage a matara kuwa kowa ya san ba zai kai kaka ba.

Aka kai ni ɗakin da akwatin magana yake, wanda ake jin muryar mutanen sama ta cikinsa. Da na ji muryar Korau, ta bushe har da ƙyar na gane ta.

Na ce, "Yaya, ni ne Mantau. Ka sauko mu tafi gida."

Ya ce, "Ni ke rabon ruwa a nan. In na sauko, masu ƙarfi za su shanye na raunana. Ka ce wa Gwamma ta yi sauri."

Gwamma ita ce Magajiyar Maƙeran birnin. Wata 'yar tsohuwa ce da ba ta wuce ƙuguna ba, wuta ta cinye mata gira, goro kuwa ba ya barin bakinta. Ta dube ni daga sama har ƙasa, daga hagu har dama, don gaskiya ni mutum ne mai faɗi, ta ce dai Allah ya sa aikina ya kai cina. Sannan ta nuna mini sabon tanderun da suka zuba. Girmansa ya yi rumbu, kuma zubi ɗaya ne, ba ya rabuwa, don mutanen sama ba su da wutar da za su sake haɗa shi. Daga nan ta zagaya da ni bayan maƙera, na ga rokar da za ta ɗauke shi. Hulata sai da ta faɗi garin kallo. Tsawonta ya shafe kowace hasumiya a birnin, bakunan wuta jere a gindinta, tukwanen mai a ɗaure a jikinta ta kowane gefe. Suna kiranta 'Yar Dako.

Na ce ai wannan ko dutse aka ɗora mata za ta kai. Gwamma ta ce an ɗora mata, kuma ba ta kai ba. Sun gwada ta da duwatsu daidai nauyin tanderun, ta tashi da ruri kamar gaske, da ta yi rabin hanya sai ta gaji. Ta zaunar da ni ta warware mini zancen. Ta ce in ka kasa nauyin roka kashi goma, tara mai ne. In kana son ƙarin kaya sai ka ƙara mai, man da ka ƙara shi ma kaya ne, sai an ƙona wani man a ɗaga shi, wancan ɗin ma yana son tukunyarsa, tukunyar kuma ƙarfe ce. Haka suka yi ta ƙara tukwane, 'Yar Dako tana ƙara ƙiba, kayan da take iya kaiwa kuwa da ƙyar yake motsawa.

Na tambaye ta, to in mai ya ƙare a tukunya, ina tukunyar take zuwa? Ta ce tana nan a jikin roka har sama. Na yi dariya na ce, haba Inna, ai nan gizon yake saƙa, ku yanke fankon ku yar mana, ta huta da jan gawa.

Wallahi ban rufe baki ba maƙerar nan ta yi tsit. Guduma ta tsaya, zuga ta tsaya. Wani dattijo ya tofar da yawu ya fita. Gwamma ta kama kunnena, sai da na sunkuyo mata kafin ta kai, ta ja ni waje.

A nan na ji al'adarsu. A zamanin kakanninsu an yi wata yunwa, abin da ya cece su akushi ɗaya ne da ke zagaya gidaje, kowa ya ci kaɗan ya zuba kaɗan ya miƙa gaba. Tun daga ranar, Ba'akushe ba ya yar da mazubin da ya ciyar, kuma ba ya mayar da shi fanko, sai da tukuici a ciki. Ko tukunyar miya ce ta fashe, wanke ta suke yi su binne. Tukunyar mai kuwa tana ciyar da wuta, saboda haka ita ma tana cikin doka. Wanda ya karya, a fitar da shi bayan ganuwa, kuma har ya mutu ba mai sake zuba masa abinci ko ruwa a kwano, ko ƙwarya, ko ludayi. Gwamma ta ce abin da na faɗa ta daɗe da saninsa, lissafinta ya nuna mata tun kafin a kafa ƙusa ta farko. Ta kai maganar gaban Sarkin Kwano Arzika, mai riƙe da wannan doka, ya ce ko sama za ta faɗo ba za a yi jifa da tukunya a zamaninsa ba.

Raina ya ɓaci matuƙa. Mutane na mutuwa da ƙishi, ana ta tattalin fanko. Amma baƙo ba shi da baki a garin mutane, sai na ɗauki guduma na shiga aiki.

Abin da ya buɗe mana hanya kuwa, kunya ce na sha. Wata maƙwabciyar Gwamma ta aiko mini da dambu a akushi, ya sha man shanu. Na cinye, na suɗe, na lashe har akushin ya yi ƙyalli, na mayar mata da godiya. Kafin in zauna sai ga matar nan ta biyo ni har maƙera tana zazzaga mini masifa. Ta ce ba don baƙo ba ne ni, da yau na kwana bayan ganuwa. Ta ce ita ba ta hana akushinta fita ba, ya je ko'ina ya ciyar da kowa, amma ya dawo mata gida da ko loma ɗaya ce a ciki. Ina ta ba da haƙuri, sai na lura Gwamma ta daina tauna goro. Ta yi tsaye ƙiƙam tana kallon 'Yar Dako. Can sai ta tofar da tuƙar, ta ce in biyo ta.

Muka je gaban Sarkin Kwano. Wani dogon tsoho ne mai farin gemu, fuskarsa ba ta san dariya ba. Gwamma ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba jifa zan yi da ita ba. Aikenta zan yi. Tukunya ɗaya babba a ƙasa, ta raka kaya rabin hanya, ta rabu da su, ta juyo gida da ragowar mai a cikinta. Da wannan ragowar za ta hura wuta ta tare faɗuwarta, ta sauka a tsaye. Tukuicinta ke nan."

Tsohon ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Dole ta dawo da mai a ciki wanda zai jiƙa yatsa, kuma dole da mutum a tare da ita, don ba a gangaro kwano shi kaɗai a ce an mayar. In ta dawo fanko, hukunci na kan wanda ya rako ta. Ya tambaya wa zai yi rakiya. Maƙeran da suka biyo mu kowa ya shiga kallon ƙafarsa. Ba tsoron wuta suke ba, na san su, tsoron bayan ganuwa suke. Ni kuwa da na tuna muryar Korau, sai na ji bakina ya ce ni ne, tun kafin ya yi shawara da cikina.

Da muka fito ina ta tsalle don murna, Gwamma ta ce in adana tsallena. Man tukuicin nan daga rabon kaya za a cire shi, ni ma da zan hau kaya ne, kuma ba ƙarami ba. Sai mun rama wannan nauyi ta wani wajen.

Sai ta aike ni Kwazazzabon Iska, wurin Saƙawa, mutanen da ke kaɗa ƙarfe ya zama zare su saƙa shi. Garinsu a maƙale yake jikin dutse, ba hanyar shiga sai wata gadar igiya da aka yi domin siraran mutane. Na hau da rarrafe, gada na kuka ina kuka. Ina tsakiya sai na ga inuwa ta rufe ni. Ashe a kwazazzabon nan akwai shirwa masu girman raƙumi, kuma duk abin da ya yi ƙyalli sai sun sure shi. Ta farko ta yi awon gaba da hulata. Hula na tafiya sai sanƙona ya bayyana, ga gumi ga rana, yana walƙiya har wancan ƙetaren. Na ga uku sun juyo sun daidaita ni. Na cusa hannu a buhu na damƙo garin gawayin maƙera na mulke kaina da shi har wuya. Suka zo suka yi ta shawagi suna neman abin da suka gani, ni kuwa na lafe ko numfashin kirki ba na yi, har suka gaji suka tafi. Na isa garin baƙi wuluk. Saƙawa suka yi dariya har da riƙe ciki, kuma don dariyar nan suka ba ni saƙar da ba su taɓa ba baƙo ba, ƙarfe mai kaurin ɓawon albasa.

Muka ɗinka babbar tukunya da shi, nauyinta bai kai rabin na tsofaffin ba. Muka tsayar da ita, sai ta sulale ƙasa kamar jiƙaƙƙen zane. Na ce shi ke nan, na ba da hulata a banza. Gwamma ko a jikinta. Ta sa aka toshe bakin, aka jera zugazugai aka yi ta hura iska, sai ga tukunya tana miƙewa tana kumbura har ta tsaya ƙyam, ka buga ta da hannu ta yi ƙara. Iskar cikinta ce ƙashin bayanta. Daga ranar aka hana shiga wurin da wuƙa ko allura, har farce sai da aka yanke wa kowa.

Sannan ta tura mu Kogon Sanyi ɗebo ƙanƙara. Ta ce mai in ya ji sanyi tsukewa yake, tukunya ɗaya sai ta ci fiye da cikinta, ba tare da an ƙara ko ƙusa ba. A kogon nan gemuna ya daskare, in na yi magana sai ya yi ƙaras ƙaras. Muna cikin sara sai rufin ya fara tsagewa a kanmu. Gudu ba ya yiwuwa a kan santsi, sai muka shimfiɗa ƙirgin sa da muka zo da shi don naɗe ƙanƙara, muka haye gaba ɗaya, ni a gaba. A nan dai nauyina ya yi rana, don shi ya ja mu muka fito kamar kibiya, kogon na rugujewa a bayanmu.

Aka cika tukunya da mai mai sanyi aka kunna wuta don gwaji, roka a ɗaure da sarƙoƙi. Sai 'Yar Dako ta kama rawa. Man ne ke tangaɗi a ciki, ya bugi wannan gefe ya dawo wancan, har sarƙa ɗaya ta tsinke. Da ƙyar aka kashe wutar. Gwamma ta ce ai wannan kowace mace da ta taɓa ɗauko ruwa daga rafi ta san maganinsa, ganye ake jefawa a kan ruwan. Ta sa muka rataya faya-fayan ƙarfe marasa nauyi a cikin tukunyar, hawa hawa. Da aka sake kunnawa, ko gezau.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa aka kankare fentin jikin rokar kaf. Aka cire kujeru aka shimfiɗa tabarma. Aka sassaƙe kan kowace ƙusa. Da ta rasa abin ragewa sai ta juyo kaina. Ta hana ni tuwo, ta hana ni fura, sai ruwan koko da zogale, kuma kowace safiya sai ta ɗora ni a ma'auni a gaban jama'a ta yi tsaki. Na rame har wandona ya fara neman guduwa. Ita da kanta za ta tuƙa ɓangaren sama mai ɗauke da tanderun, don duk birnin babu wanda ya san shi kamarta, kuma babu babban da ya fi ta rashin nauyi.

Abu na ƙarshe, ta ce ba a cikin birni za mu tashi ba, sai a Tudun Ƙugu, inda duniya ta fi kauri. A can ƙasa ta fi saurin juyawa gabas, in ka tashi ta wannan fuska ita ma za ta tura ka kyauta. Aka ɗaura wa 'Yar Dako kunkuran dako, kowanne ya yi girman ɗaki, suka ja ta a hankali. Muka ratsa Dajin Rimaye, inda audugar rimi ke zuba shekara da shekaru ba mai kwasa, har ta cika kwari guda fari fat. Saurin kunkuru kuwa kun san shi. Kullum sai na je bayansu ina turi ina zagi.

Ranar da muka isa na nemi Korau a akwatin magana. Wani ne ya amsa. Ya ce Korau yana kwance, ya daɗe yana ba yara rabonsa a ɓoye, yanzu harshensa ya kumbura ba ya iya magana. Na fita na zauna a gindin roka na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da hantsi muka hau. Ni a wani ɗan akurki a kan babbar tukunya, gabana famfuna da igiyoyi da ma'aunin gudu, Gwamma kuwa can sama da ni tare da tanderun. A jikin ma'aunin ta karta jan layi. Ta ce in allura ta taɓa layin nan kafin mai ya sauko kan tukuici, to kaya za su kai. Sarkin Kwano ya zo ya shafa tukunyar ya yi mata addu'ar dawowa lafiya. Ni ko kallo ban samu ba.

Aka kunna.

Jama'a, na ji tsawa a rayuwata, na ji rugugin dutse, amma ranar na san ban taɓa jin ƙara ba. Duk bakunan wutar suka buɗe lokaci guda, ƙasa ta girgiza, haƙorana suka kama kaɗawa. 'Yar Dako ta yi kamar tana shawara, sannan ta ɗaga. A hankali, a hankali, sai ta zabura. Wani nauyi ya danne ni a tabarma kamar duk tuwon da aka hana ni ne aka ɗora mini a ƙirji. Ta 'yar taga na ga tudu ya zama faifai, kunkuran nan suka zama ƙwari, muka huda gajimare muka bar shi a ƙasa. Allura tana hawa, tana hawa. Na ji Gwamma ta akwati tana dariya, tsohuwar da ban taɓa jin dariyarta ba. Ni ma na kama ihu ina yi wa 'Yar Dako kirari, ina cewa taka lafiya uwar masu kaya.

Sai na ji wani gum a ƙarƙashina, roka ta karkata. Bakin wuta ɗaya ya mutu. Na ja igiya na kashe na daura da shi don kada mu yi ta juyi, ta miƙe. Amma allura ta rage sauri. Na dubi mai, yana sauka. Na dubi allura, tana jan ciki. Mai ya iso kan alamar tukuici, tsakanin allura da jan layi kuwa akwai faɗin yatsa biyu.

Gwamma ta ce, "Mantau, rufe famfo, ka sake ni."

Na ce, "Inna, za ki kai?"

Wannan tsohuwa ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Zan gwada. Kada ka taɓa tukuicin nan. In ka ƙone shi ba abin da zai tare ka, in ma ka rayu ka san hukuncin."

Na san hukuncin sarai, ni da abinci ya fi mini komai daɗi a duniya. Na kuma san abin da ake nufi da faɗowa daga inda tsuntsu bai taɓa zuwa ba. Tsoro ya kama ni. Duk da haka na kama famfon tukuici na buɗe shi har ƙarshe.

'Yar Dako ta yi wani kukan kura ta ƙara zabura. Gwamma tana ta zagina ta akwati, zagi na tsofaffi mai shiga ƙashi, ni kuwa idona na kan allura. Ta matsa. Ta ƙara matsawa. Wutar ta fara tari, ta yi tari na biyu, allura ta hau jan layi daidai lokacin da bakunan suka yi shiru. Na fizge igiyar rabuwa. Na ji ƙarfe ya saki ƙarfe, sannan na ga ɓangaren Gwamma ya kunna tasa wutar, shuɗiya siririya, ya nufi Auta. Sama ta zama baƙa da rana tsaka, taurari sun fito, buhuna yana yawo a gaban hancina ba mai riƙe da shi. Ni Mantau, da aka yi wata da watanni ana yi mini gorin nauyi, sai ga ni ba ni da nauyin ko gashin kaza. Na yi dariya har hawaye.

Dariyar ba ta daɗe ba, don tukunya ta fara komawa inda ta fito, kai a ƙasa. Iska ta fara kuka, bango ya yi zafi har tabarma ta soma hayaƙi. Ba mai, ba wuta, abin da ya rage mini iskar da aka hura wa tukunyar kawai. Na buɗe famfon gefe kaɗan, iskar ta fita da ƙarfi ta juya mu, tukunya ta kwanta a kan cikinta, faɗinta ya tare iska, gudun ya ragu. Can ƙasa na hango wani farin tabo, Dajin Rimaye. Na yi ta buɗe wannan famfo ina rufe wancan har na daidaita shi. Da itatuwa suka fara bayyana ɗaya ɗaya, na yi shahada na ɓalle murfin gindin gaba ɗaya. Saƙar Saƙawa ta saki, iskar waje ta shige ta, ta buɗe a samana kamar babbar riga a kan igiyar shanya. Aka fizge ni sama har wuyana ya yi ƙara, sannan muka nutse cikin audugar rimi, tsulum.

Da aka tono ni ina atishawa, abin da na fara gani ƙafafun Sarkin Kwano ne. Tukunya ba ta fashe ba, ko huda babu. Tsohon ya naɗe hannun riga ya zura hannu ciki, ya shafa nan, ya shafa can, ya daɗe yana nema, na ga har kwanciya ya yi ya leƙa. Ya fito da yatsa a bushe ya nuna wa jama'a. Ya faɗi hukunci da murya ƙasa ƙasa, bai dube ni ba.

Haka aka raka ni bayan ganuwar Birnin Akushi aka rufe ƙofa. Na zauna a gindin wata tsamiya. In ƙishi ya dame ni in je rafi in sha da tafin hannu, in yunwa ta matsa in tsotsi tsamiya har haƙorana su mutu. Masu wucewa sai su sunkuyar da kai su ƙara sauri. Amma ba yunwa ke cina ba. Akwatin Gwamma ya yi shiru tun da muka rabu, ba wanda ya san ko ta kai, ko ta wuce, ko ta faɗi. Kullum ina zaune na ƙura wa Auta ido, shi kuwa yana nan fari kamar ba abin da ke faruwa a cikinsa.

Wata safiya sai na ji guɗa daga cikin birni. Ta ɗaya ta zama ta goma, ganguna suka ɗauka. Ƙofar gari ta buɗe. Sai ga Sarkin Kwano Arzika da kansa, ba sanda ba 'yan rakiya, yana sauri irin na tsofaffi, hannayensa biyu a haɗe a gabansa, tururi na tashi daga cikinsu. Malmalar tuwo ce a tafin hannunsa tsirara, miya tana bin yatsunsa tana ɗiga a kan farar rigarsa. A bayansa mutanen gari ne layi guda har cikin ƙofa, maza da mata, kowa da abin da tafinsa ya iya ɗauka, wani dambu, wani fura, wata ruwa tana tafe a hankali kada ya zube.

Ya durƙusa a gabana ya ce, "Buɗe hannunka, yana ƙona ni."

Na buɗe, ya juye mini. Tafinsa ya yi ja wur.

Ya ce, "Gwamma ta sauka. Tanderu ya kama, ruwa na gudu. Yayanka ya sha, ya buɗe baki." Ya goge ido da gefen hannu, ya shafa wa gemunsa miya bai sani ba. "Abin da ya fara tambaya, wai ƙaninsa ya sauka lafiya?"

Ni Mantau ɗan Cindo, wanda bai taɓa barin loma ta huce ba tun da aka yaye shi, na zauna riƙe da tuwon nan a hannu ina kuka, har ya yi sanyi ban iya kai shi baki ba.

Iyakar abin da na gani ke nan na faɗa muku, wanda ya ji ya kai wa wanda bai zo ba.